Bangon da Ake Yi wa Ban-Ruwa

Ni ba gini na je koyo ba. Da mahaifina ya kai ni kwalejin koyon sana'a bayan na gama ƙaramar sakandare a nan Haɗeja, sashen lantarki na sa a raina, don na ga 'yan sashen suna yawo da abin gwada wuta a aljihun gaba suna hura hanci. Sai aka ce ya cika. Na walda ya cika, na kanikanci ma har da masu jiran tsammani. Gini kaɗai ke da wuri, don ba kowa ke son a ce ya yi boko ya ƙare a birkila ba. Mahaifina ya ce ai duk hanyar abinci ce. Na koma gida ina kumbure-kumbure, ba wanda ya kula ni.

Kowane sashe da abin da yake nema kafin a karɓe ka. 'Yan walda sai sun zo da baƙin gilashi. 'Yan lantarki har idonsu ake gwadawa, a ga ko suna bambanta jar waya da koriya, kuma na san wanda aka mayar gida a kan wannan yana kuka. Mu aka ce kakin aiki, da takalmi mai ƙarfe a baki, da cokalin gini, da tef, da igiya. Duk waɗannan a kasuwa ake samunsu. Sharaɗi na ƙarshe malamin gini ne ya faɗa mana da bakinsa ranar farko, yana tsaye a ƙofar rumfar aiki, wani siririn dattijo mai furfura a gira wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Ya ce, "Abin da ka gina a nan, kai za ka rushe shi da hannunka ranar Alhamis. Ba mai taya ka. Wanda ya ƙi, ya ajiye kaki ya kama hanya."

Muka yi dariya, don a ganinmu wannan ne mafi sauƙi. Yaro ai ba a koya masa ɓarna.

Dalilin dokar a fili yake. Bulon makaranta ba shi da yawa, shi za mu yi aiki da shi, shi waɗanda suka riga mu suka yi aiki da shi, shi na bayanmu za su tarar. Saboda haka ba a sa siminti a kwaɓinmu. Yashi ne da farar ƙasa, ya riƙe bulo ya tsaya kyam har ka jingina da shi, amma ranar rushewa kana ɗaga bulon sama zai biyo hannunka. Sai ka kankare kwaɓin ya koma tsibinsa, a yayyafa masa ruwa, ran Litinin a sake ɗiba. Wannan tsibin yashin ya girme mu duka. Wani lokaci in ina juya shi da shebur sai in tuna ya zauna a cikin bangaye da ba su ƙirguwa, kuma ba ɗaya da ya yi saura.

Rumfar doguwa ce, rufin kwano, gefe biyu a buɗe. Ranar Laraba da rana in aka tashi cin abinci aka bar ta ba kowa, ba na son in shiga ni kaɗai, ko da mantuwa na yi. Ga bakin ƙofa ba ɗaki, ga taga tana kallon wata tagar, ga matakala ta hau ta tsaya a iska. Kwano yana ta ƙas-ƙas saboda zafi, ƙadangaru suna leƙowa ta kusurwoyi. Sai ka ga kamar wani gari ne mutanensa suka tashi yanzun nan ba su yi sallama ba. Jumma'a da safe kuma ka zo ka tarar da fili fetal, an share, bulo a jere a gefe.

Bibbiyu ake haɗa mu, in ɗaya yana ɗora bulo ɗayan yana kwaɓa masa. Abokin kwaɓina ɗan wani ƙauyen masunta ne can bayan Kirikasamma, inda in damina ta yi nisa babur ke ajiye ka a bakin ruwa kwalekwale ya ƙarasa da kai. Dogo ne, baƙi, mai manyan hannuwa, kuma shi da son ransa ya zaɓi gini, abin da ya sa na ɗauke shi mai taɓin hankali tun farko. Ina kiransa ɗan fadama, yana kirana ɗan birni mai hannun lalle. Gaskiyarsa ne, don ni aikina kullum sai Malam ya sa igiya ya girgiza kai, shi kuwa layinsa kamar an ja da reza.

Kakarsa ce ta raine shi, uwar mahaifinsa, kuma zancenta ba ya fita daga bakinsa. Irin wasan nan na jika da kaka suke yi, tana ce masa mijinta, yana ce mata tsohuwa. Ya ce duk hutun da ya je gida sai ta tare shi da gori, wai wane irin miji ne wannan, yana can birni yana gina wa iska ɗakuna, matarsa tana kwana a ɗakin da ke zubar mata da ƙasa a ido. Da muka dawo daga hutun bazara a shekararmu ta farko, ya zo yana washe baki ya nuna mini hoto a waya. Ɗaki ne na bulo, ƙarami, shi kaɗai a tsakiyar ɗakunan ƙasa, ga wata 'yar tsohuwa a bakin ƙofa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana dariya. Wani kawunsa ne ya ba shi ragowar bulo, shi ya gina da hannunsa. Na ce masa to yanzu saura kayan ɗaki, ango.

Daminar shekarar ba ta zo da wasa ba. Kogi ya cika ya batse, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, ya juyo kan mutane. Mu a cikin gari dogon hutun nan a bakin jingar da ke tare wa gari ruwa muka yi shi, muna cika buhuna da ƙasa muna jerawa, manya suna kafa kara a gefen ruwa suna duba ko ya ƙaru. Labarin ƙauyuka kuwa a kwalekwale yake zuwa, gutsure-gutsure: shinkafar Auyo ta nutse, gari kaza sun koma kan titi, gari kaza ba a ji daga gare su ba.

Da aka koma makaranta abokin kwaɓina bai dawo da wuri ba. Ranar da ya zo kakinsa ya yi masa yawa. Aka ce kakarsa ta rasu, ɗaki ya faɗa mata. Muka yi masa gaisuwa, ya amsa, aka shafa fatiha. A shekarar kusan kowa yana da irin wannan labarin a danginsa, don haka ba wanda ya tsaya tambayar yadda aka yi.

Aikin makon shi ne kusurwar ɗaki da bakin ƙofa, tsayin kafaɗa. Na ɗauki shebur zan kwaɓa masa kamar kullum sai ya riƙe ƙotar.

Ya ce, "Bar shi, ni zan kwaɓa nawa."

Na ce, "Kai da Allah, yaushe ka fara tausayina?"

Bai yi dariya ba. Ya ja baronsa can ƙarshen rumfa, ya juya mana baya. Ni da ba na ƙin hutu, na samu inuwa na zauna.

Ranar Alhamis Malam ya zagaya da igiyarsa ya duba aikin kowa, bayan azahar aka ce a rushe. Nan da nan rumfa ta cika da ƙura da ihu, don ranar rushewa ranar sallarmu ce. Kafin la'asar kowa ya sauke nasa, sai bango ɗaya a can ƙarshe, na abokina, yana tsaye a gabansa hannu a aljihu. Wani ɗan ajinmu mai rawar kai ya je ya kama bulon sama zai ɗaga don tsokana. Bulon bai motsa ba. Ya sa hannu biyu, ya sa kafaɗa, har jijiyar wuyansa ta fito. Ya ja da baya yana kallon tafin hannunsa. Ihun ya mutu a hankali, daga wannan gefen rumfar zuwa wancan.

Malam ya zo, ya zaro ƙusa daga aljihu, ya karci tsakanin bulo biyu. Ya dubi bakin ƙusar, ya dubi abokina. Na zaci za a yi tashin hankali. Sai kawai ya ce, "Na ba ka zuwa wani makon," ya mayar da ƙusarsa ya tafi.

Wani makon ya zo ya wuce, bango yana nan. Mu muna ginawa muna rushewa, shi yana tsaye, kuma duk Jumma'a in aka share fili sai ya fi fitowa, shi kaɗai a ƙarshen rumfa da bakin ƙofarsa a buɗe. Abin da ya fara tayar mana da hankali shi ne danshi. Damina ta wuce, rufin ba ya yoyo, ko'ina a bushe, amma kullum gindin bangon nan a jiƙe yake, jikinsa ya yi duhu, in ka matsa kusa ka ji sanyi da warin laka. 'Yan ajinmu suka ce ruwan ƙauyensu ne ya biyo shi. Wani ya rantse ya ji tari a bayan bangon. Na yi musu dariya na ce tsoro ne ke sa kunne ƙarya, amma in zan ɗebo bulo ta can sai in zagaya ta waje. Ba wanda ya taɓa ratsawa ta bakin ƙofar nan, ko da ita ce hanya mafi kusa.

Wata rana an tashi cin abinci na dawo ɗaukar tef ɗina. Rana tsaka, rumfa shiru, sai na ji ƙarar zubar ruwa. Na leƙa ta bayan tarin bulo. Abokina ne, ya cire takalmansa ya ajiye su a bakin ƙofar bangon daga waje, yana ciki ƙafa ba takalmi, da buta a hannu. Yana zuba ruwan a hankali daga wannan ƙarshen zuwa wancan, yana bi da tafin hannu yana shafawa, leɓensa yana motsi. Ni wuri ɗaya na taɓa ganin ana zuba ruwa haka, a maƙabarta, bayan an gama mayar da ƙasa. Da butar ta ƙare ya durƙusa a gefen ƙofar, ba a tsakiya ba, yadda mutum ke raɓewa in ya shiga gaida babba, ya buɗe ƙullin abincinsa ya fara ci. Tsoro ya kama ni sosai. Na bar tef ɗin a inda yake na fita da baya da baya.

Malam ne ya kashe zancen aljanu. Ya tara mu wata Litinin ya ce, "Siminti ne. Ya sa siminti a kwaɓinsa, kuma siminti yana son ruwa in yana sabo, shi ya sa yake ba shi. Wanda ya ƙara kawo mini maganar tari zai kwashe yashin rumfar nan da cokali." Daga baya na gane inda abokina ya samo simintin. Ranakun da ba makaranta yana zuwa leburanci a cikin gari, yana kakkaɓe ragowar buhunan da aka juye yana tarawa a leda. Sai dai sanin hakan bai rage mini komai ba. Siminti ya bayyana danshin, amma bai gaya mini dalilin da mutum zai cire takalmi kafin ya shiga ɗakin da ba rufi ba.

A ranar kuma Malam ya juya wurin abokina a gabanmu, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar kullum. Ya ce, "Ɗana, na yi maka kara iya yadda zan iya. Masu duba makarantu suna tafe, kuma shugaban sashe ya yi magana. Ranar Alhamis, ko bangon nan ya fita ko kai ka fita. Ba ni da yaron da ya kai ka hannu, amma doka ba ta san wannan ba."

Ya ce, "To, Malam."

Haushi ya ishe ni. Laraba da aka tashi na bi shi, muka taka har bakin gada. Ruwa ya ja baya, ya bar layin laka a jikin bishiyoyi sama da tsayin mutum, masunta suna ta jan koma a ƙasa. Muka zauna a kan dakalin gadar na buɗe masa wuta. Na ce shi wane irin taurin kai ne da shi, mutum ya baro ƙauye ya zo neman sana'a, ya fi kowa iyawa, sannan ya zubar a kan bulo ƙwaya nawa? Na ce in ƙarfi ne ba shi da shi ni zan fasa masa, in ya so Malam ya kore mu tare.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ka tuna ɗakin da na nuna maka a waya?"

Na ce na tuna.

"Da kwaɓin makaranta na gina shi."

Ban gane ba da farko, na ce wane kwaɓin.

"Namu. Yashi da farar ƙasa. Shi hannuna ya sani. Na san ana sa siminti, an rubuta mana a allo, amma a garinmu ina zan gan shi? Na ce ai a rumfa muna jingina da shi ba ya motsi. Na ce in na dawo hutu na gaba sai in yi masa yaɓen siminti ciki da waje, shi ke nan ya kama." Ya juya yana kallon masuntan. "Ka san ɗakin ƙasa in ruwa ya ci gindinsa, sai ya yi magana kafin ya faɗi. Yana zubo da ƙasa kaɗan-kaɗan, yana tsagewa, kana jin azara tana ƙara. Ko yaro a garinmu ya san wannan ƙarar, da an ji ta sai a kwashi tabarma a fita. Duk ɗakunan gidanmu sun faɗi, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Ita kuwa da ruwa ya shigo tsakar gida aka ce ta fito a tafi tudu, ta ce su je su dawo, ita ɗakinta na bulo ne, mijinta ya gina mata. Da rana ne, mutumina, ido na ganin ido. Ina can ina kai awaki kwalekwale. Ɗakin bai yi ƙara ba, bai zubo da ƙasa ba. Gaba ɗaya ya kwanta."

Na ce Allah ya riga ya rubuta, kwananta ne ya ƙare. Ya ce ya sani, kowa ya gaya masa, kuma ya yarda.

"Amma wannan na rumfa na yi shi daidai," in ji shi. "In na shiga ciki sai in ji hankalina ya kwanta, kamar tana zaune abinta ba abin da zai same ta. Na san ba ta nan, ba hauka nake ba. To amma ka ce in ɗauki guduma in sake kayar mata da shi?"

Tausayinsa ya kama ni. Muka zauna har aka kira la'asar, muka tashi.

Ranar Alhamis kowa ya sauke aikinsa ba ihu, ba tsokana. Aka kankare bulo, aka share, amma ba wanda ya tafi. Malam ya shiga sito ya fito da babbar guduma, ya jingina ta a jikin bangon, ya koma gefe ya harɗe hannu a baya. Abokina yana zaune a kan baro, kansa a ƙasa. Na ga yatsunsa a kan maɓallin kakinsa na sama, yana buɗewa yana mayarwa, na kuwa san in ya cire rigar nan shi ke nan.

Ya miƙe. Bai nufi gudumar ba, bakin ƙofar ya nufa. Ya tsaya daga waje, ya ɗan sunkuya ya yi sallama, irin wadda ake yi da ƙarfi don mai nauyin kunne. Rumfa ta yi tsit, sai ƙarar kwano.

Ya ce, "Tsohuwa, fito. Za a rushe ɗakin."

Ya jira. Ya sake cewa, "Ki fito haka nan, kada ki tsaya ɗaukar komai. Ni ne na ce ki fito."

Sai ya ja gefe ya ba da hanya, ya miƙa hannu ƙasa-ƙasa yadda ake yi in za a tallafi tsoho ya tsallake dokin ƙofa. Mu muna tsaye cunkus a gaban ƙofar, tsakaninta da waje. Wallahi ba wanda ya ce mana komai, sai gani na yi mun dare biyu, na dama sun yi dama, na hagu sun yi hagu, har Malam ya ja da baya ya sunkuyar da kai. Ban ga komai ba, kuma ban ji wani ya ce ya gani ba, amma ba wanda ya koma cikin hanyar nan. Abokina ya bi ta da ido a hankali, daga bakin ƙofa har ƙarshen rumfa, har inda inuwa ta ƙare rana ta fara.

Sannan ya leƙa cikin kusurwar ya duba dama da hagu, ya goge fuskarsa da hannun riga, ya ɗauki gudumar.